Shuka Uku a Shekarar da Na Bar Giya

Bana ruwa ya yi mana wasa da hankali. Ya sauko sau biyu, muka fita muka yi shuka, sai ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta taso ta watsa shi. Jiya na je gona na tsuguna na taɓa geron, ganyen ya nannaɗe kamar an kara shi a wuta. Na daɗe ban miƙe ba, don gwiwoyin yanzu sai an lallaɓa su. A tsugunen nan wata damina ta dawo mini, shekara goma sha biyar ko sha shida baya, wadda sai da muka yi shuka sau uku. Mutanen Potiskum suna tuna ta da tsadar hatsi. Ni kuwa da rawar hannu nake tuna ta.

Sunana Sale. A lokacin direban babbar mota ne ni, ina ɗaukar shanu daga Kasuwar Shanu zuwa kudu. A hanyar nan na koyi sha. Wani abokin aiki ne ya miƙo mini murfin kwalba a wata tasha, ya ce maganin ciwon baya ne. Bayan kuwa ya daina ciwo. Daga murfi na koma kofi, daga kofi na koma kwalba, har shekara goma sha ɗaya. A garinmu ba a sayarwa a fili, amma mai nema ya san hanya. Akwai wani gida a bayan gari inda wata mata ke dafa burkutu, ana kuma samun ogogoro a jarka.

A ƙarshen bazarar shekarar na zura motar a rami, rana tsaka, a miƙaƙƙiyar hanya da ko akuya babu. Shanu uku suka karye, aka yanka su a gefen titi. Mai motar dattijo ne mai kawaici, bai zage ni ba. Ya matso kusa da ni ya tsaya, har sai da ya shaƙi numfashina, sannan ya miƙo hannu. Na ba shi makulli. Na dawo gidanmu a unguwar Hausari, ba aiki, sai gonar da mahaifina ya bari, wadda rabona da ita na manta.

Matata Falmata ta duba ragowar hatsinmu. Sai ta rage girki. Da safe kunun tsamiya ba sukari, da rana babu, da yamma tuwon dawa da miyar kuka, yara uku su zagaye kwano ɗaya. Zafin shekarar ba ya faɗuwa. Rufin kwano yana ta yin ƙara shi kaɗai, ruwan randa ya yi ɗumi kamar na wankan jego, ƙuraje suka feso wa yara a wuya. Da ruwan farko ya sauka muka fita ni da ita, ina sara da sungumi tana jefa iri tana takewa. Ya tsiro, ya yi kwana goma, ya ƙone.

Ba wai ban yi ƙoƙarin bari ba. Na sha rubutu. Na dafa Alƙur'ani na rantse sau biyu, abin da har yau nake neman gafara a kai. Kwana uku, huɗu, sai jikina ya fara. Idan na ɗauki buta da asuba rabin ruwan a ƙasa yake zubewa. Sai na je na sha kaɗan don hannun ya tsaya, in tauna kanumfari, in shiga masallaci. Wata rana a sahun azahar maƙwabcina, wanda muka taso tare, ya ja da baya a hankali ya koma sahu na biyu. Bai dube ni ba. Na idar da sallar da gurbi a gefen damana.

Ciwon ciki ne ya kai ni asibiti. Malamin asibitin ya ja fatar idona ya duba, ya danna ƙasan haƙarƙarina na dama, sannan ya ce in miƙo hannuwana. Na miƙa, suna ta karkarwa a gabanmu mu biyu.

Ya ce, "Yaushe rabonka?"

Na ce, "Da me?"

"Malam Sale, ni ba alƙali ba ne. Hantarka ce take tambaya."

Na sunkuyar da kai na ce jiya. Ya rubuta magani, sannan ya rage murya. "Maganin nan na ciki ne kawai. Ka je unguwar Dogo Tebo ka tambayi gidan Baba Gimba, wanda ya yi aiki a nan ya yi ritaya. Ka ce masa aikin gayya kake nema. Zai gane."

Yanzu keke-napep za ka tare ya ajiye ka a ƙofar gida. Lokacin da ƙafa na tafi, don ko ɗan acaɓa ba na so ya san inda na nufa. Zuwan farko na tambayi mai shayi, ya nuna mini lungun, ya ce, "Lafiya dai ko?" Tambayar nan kaɗai ta kora ni gida. Zuwa na biyu na kai ƙofar, na ji ana daka a ciki, na wuce kamar mai neman wani gidan. A na uku na tarar da shi zaune a zaure yana saka wa fartanya ƙota, gajeren tsoho ɗan ƙabilar Karai-Karai, da farin gemu kaɗan. Babu hanyar wucewa. Na yi sallama, muka gaisa, na ce aikin gayya nake nema.

Bai ɗago ba sai da ya gama buga ƙotar. Ya dubi hannuna, ba fuskata ba.

"Ka sha yau?"

"Kaɗan, Baba."

"Madalla da ka faɗi gaskiya. Asabar da sassafe ka same mu a gonar da ke bayan tsohuwar rijiya, akwai tsamiya a tsakiyarta. Ka zo da abin aikinka."

Mu bakwai ne da ni. Akwai mahauci, akwai tela, akwai wani malamin firamare Kirista wanda in mun tashi salla yakan koma gefe ya jira mu. Wasu na san fuskarsu a gari, ban taɓa zaton komai ba. Mai gonar ranar shi ne Buba, Bafulatani dogo, dillalin shanu a da. Hausarsa irin ta wanda ya shigo gari da girmansa ce, yana mai da namiji mace, mace namiji. An ɗan yi yayyafi a makon, shuka ta biyu muke yi. Muka yi ta sara har rana ta take, gumi yana shiga ido. Sannan muka zauna a gindin tsamiyar, aka zagaya da ruwa a jarka.

Baba Gimba ya ce saboda baƙo zai maimaita yadda ake zaman. Abin da aka faɗa a nan, a nan ake barinsa. In an haɗu a gari, gaisuwar Musulunci kawai, kowa ya wuce. Ba a katse mai magana. "Kuma ba ma wa'azi," in ji shi. "Ba don wa'azi ba kyau ba. Duk wanda ke zaune a nan ya san haramun ne tun kafin ya kurɓa. Ba sani muka rasa ba."

Sai ya fara da kansa. "Ni Gimba, mashayi ne. Shekarata tara ban sha ba." Ban taɓa jin mutum ya kira kansa da wannan suna ba, balle dattijo mai furfura. Aka zagayo. Wani wata biyar, wani kwana arba'in. Buba ya ce shekara biyu saura kaɗan. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, inda abin ya taso masa da yadda ya yi. Tela ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a cikin buhun ƙyallaye, aka yi dariya, har da shi. Irin dariyar da ban san ana yi ba. Da aka zo kaina bakina ya ƙi buɗuwa. Na ce, "Sunana Sale," na tsaya. Ba wanda ya matsa mini. Ƙudaje suna ta yawo, har Baba Gimba ya ce, "Ya isa na yau."

A hanyar komawa ya gaya mini inda ya samo abin. An taɓa tura shi kwas wani babban gari, ya tarar da masu irin ciwonsa suna zama a wani ɗaki, kujeru a zagaye. Da ya dawo ya ga a Potiskum in maza bakwai suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa duk mako, kafin wata gari ya gama sanin dalili. Amma ba mai tambayar masu fartanya ina za su. Ya kuma hana ni yanke shan kai tsaye ni kaɗai a gida. Ya ce mai shekaruna a ciki, jiki na iya bugawa kamar farfaɗiya. Shi da kansa ya mayar da ni asibiti, na yi kwana huɗu a kwance ana ƙara mini ruwa, ina ganin ƙadangaru a bangon da babu komai. A unguwa aka ce zazzaɓi ne.

Ranar da aka sallame ni na ce masa, "Baba, na yi alkawari har abada."

Ya ce, "Ajiye abada, ta fi ƙarfinka. Daga yanzu zuwa la'asar za ka iya?"

"Zan iya."

"To in ka yi la'asar, ka nemi magariba."

Haka na riƙa tafiya, daga salla zuwa salla. Fari kuwa ya zauna daram. Shuka ta biyu ta bi ta farko. Aka fita sallar roƙon ruwa, muka juya riguna, muka dawo ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Falmata takan fita da yara bayan gari su tsinko tafasa da rama, ta yi kwaɗo ba ƙuli, mu ci mu sha ruwa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, in ka bar sha rana tana ƙara tsawo. Yunwar da a da ba na ji, yanzu ina jin ta. Kukan yara ma ina ji. Duk Asabar mukan haɗu ko da babu abin yi a gonar sai kallon busasshiyar ƙasa. A zama na uku na iya faɗin kalmar. Na ce, "Ni Sale, mashayi ne." Buba ya dafa kafaɗata ya cire hannunsa, shi ke nan.

Yanzu a bayan shagon ɗan telan nan muke zama, da fanka da benci. Gonar Buba ta zama gidaje, tsamiyar ma an sare ta. Baba Gimba ya daɗe da rasuwa. Yawancin masu zuwa samari ne da ƙwaya da maganin tari suka kama, kuma in abin ya taso wa mutum sai ya buga waya kawai. A lokacinmu in ya taso maka ranar Litinin, kai da shi ne har Asabar.

Ni a kwana na ashirin da shida ya same ni. Na je kasuwa neman aikin lodi, sai ga motata tana fitowa cike da shanu, wani a kan sitiyari, ya ma sauya mata hon. Na tsaya har ta ɓace. Ban san lokacin da na iso gida ba. Falmata ta tafi barka da yara. A ƙarƙashin gado akwai ɗan buhun da ta ɗaure, ragowar irin dawa da gero da ta gauraya da toka don ƙwari, wanda duk yunwar nan ba ta taɓa shi ba. Na saɓa shi na nufi bayan gari. Mai burkutun ta zura hannu ta ɗebo, ta ga tokar.

Ta ce, "Wannan ai iri ne."

Na ce, "Iri ne."

Ta dube ni, ta karɓa.

Washegari da hantsi na farka a zaure. Falmata tana tsaye da mayafinta, yaran a bayanta da ƙullin kaya. Ta ajiye igiyar da ta ɗaure buhun da ita a gabana.

Ta ce, "Malam, da abincinmu ka ɗauka, da na ce yunwar kwana biyu ce. Wannan na baɗi ne." Muryarta ko tashi ba ta yi ba. "Ba fushi nake yi ba. Ƙarfin fushin ma babu. Na gaji ne kawai."

Ta hau motar kasuwa zuwa ƙauyensu, gidan yayanta.

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwan. Da azahar ya fara, kamar da bakin ƙwarya, har magariba bai tsaya ba. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi suka fito daga inda suke. Da gari ya waye duk Hausari ta fita, maza da sungumi, mata da ƙorai a ka, ana ta yi wa juna barka da ruwa. Ni ina zaune a zaure, ƙofa a sakaye, ina jin takunsu. Ba ni da ko ƙwaya ɗaya da zan jefa a rami.

Asabar ban je ba. Rana ta ɗan ɗaga sai na ji sallamar Buba, abin da dokar zaman ma ta hana.

"Sale, fito."

"Ba ni da lafiya."

"Mun sani. Shi ya sa na zo." Ya turo ƙofar ya tsuguna, yana haki kamar wanda ya yi gudu. "Ni sau huɗu na koma. Sau huɗu Baba ta zo ta ɗauko ni. Kai ɗaya ka yi kana ɓuya? Sa takalminka."

A gindin tsamiya na ce kwanana uku. Na faɗi maganar irin, duka, har da abin da mai burkutun ta ce. Na jira a ce wani abu. Mahauci ya share fuska da hularsa, malamin makaranta yana ta kallon ƙasa. Baba Gimba ya ce, "To, kwana uku. Mun gode da ka zo." Ya juya ga na kusa da ni.

Kashegari da sassafe suka same ni a gonata, kowa da ɗan ƙullinsa. Wani gero a leda, wani wake a aljihu, Buba ya kawo dawa a cikin hularsa. Su ma ragowar nasu ce, shuka ta uku kowa yake yi. Muka shuka shi a gauraye, kafin azahar mun gama. Da ya tashi gonar ta zama abin kallo, nan dogo can gajere, masu wucewa suna tambaya wane irin noma ne wannan.

Azumi ya kama a tsakiyar marka. Ciyawa ta taso kamar ana jan ta, muka yi noman firi da ƙishirwa, laka tana riƙe fartanya, tufafi ba sa bushewa, sauro ya ƙi ƙarewa. Ni kaɗai a gida, in jiƙa gari in yi buɗa baki, wata rana maƙwabta su aiko da kunu. A goman ƙarshe Falmata ta dawo. Na tashi zan karɓi kayanta, ta ce, "Kada ka ɗauka yarda na yi. Can ma babu abincin ne." Ta shiga ta hura wuta. Sai da aka yi shekara uku kafin ta daina sunsuna ni in na shigo, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

Baba Gimba ya ce azumi ba shi ne abin tsoro ba, mashaya da yawa suna iya kame wata guda. Ranar Salla ce. Don haka da aka sauko idi, mutane suna yawon gaisuwa da sababbin kaya, mu muna gindin tsamiya muna ƙirga kwanaki. Ranar na lura Buba bai sa takalmi ba. Ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya fito a jikin da duk ƙashi ne. Baba Gimba ya riga ya kai shi asibiti, an ce hantar ta gama lalacewa tun kafin ya bari.

Na tambaye shi a hanya, don abin yana cina. "Buba, to me ka samu? Ka bari, ga shi kuma."

Ya tsaya ya huta a kan sandarsa. Ya ce, "Ɗiyata ƙarami bai taɓa ganina a kwance a kwata ba. Manyan sun gani. Shi bai gani ba." Muka ci gaba da tafiya a hankali.

Ya daina iya noma, amma bai daina zuwa ba. Sai ya zauna a inuwa yana kallonmu, in an zagayo kansa ya faɗi kwanakinsa. Gero ya fara nuna, tsuntsaye sun fara sauka, ya rasu ranar wata Talata da safe. A wajen jana'iza mu shida muka warwatsu a cikin jama'a kamar ba mu san juna ba. A bayana na ji wani yana cewa a hankali, "Ai giya ce ta kashe shi." Na kusa juyawa in ce shekararsa biyu da wata ɗaya da kwana tara. Ban juya ba. Ba ni da ikon faɗa.

Asabar ɗin da ta biyo muka girbe geronsa. Bai yi yawa ba, shukar ta makara, dami goma sha ɗaya muka ɗaure. Muka ɗauko a ka har ƙofar gidansa, muka jera a zaure. Matarsa tana takaba, ta tsaya a bayan labule muka yi mata gaisuwa. Ta amsa.

Ta ce, "Ku yi haƙuri, ban san muryoyinku ba. Ku su wane ne nasa?"

Muka dubi juna. Baba Gimba ya ce, "Abokan nomansa ne."

Labulen ya ɗan motsa. Ta ce, "Da can ɗauko shi ake yi a kawo mini. Shekara biyun nan da ƙafarsa yake shigowa, ya yi sallama, ya tambayi yara. Na san ba noma kaɗai kuke yi a gonar nan ba. Ba zan tambaya ba." Ta saki labulen. "Allah ya saka muku."

Ta sa aka miƙo ruwa a kwanon sha, muka zagaya da shi har ya ƙare. Muka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama lungunsa. Ni ne na ƙarshe, wuyana ya sage saboda damin, ƙaiƙayin gero duk ya cika mini riga. Baba Gimba yana gaba kaɗan, yana jan ƙafa. Bai waiwayo ba ya ce, "Asabar gonarka, Sale. Ka zo da wuri."

Na ce, "To, Baba."